"Na Kashe Shi" Ko "Na Fitar Da Shi"? Tambayoyi Da Amsoshi Kan Kalaman Faɗa A Wasannin Waya

Shagon cajin waya gare ni a bakin tasha, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Sola biyu, benci uku, sai inuwar darbejiya. Da an sallame la'asar samari ke cika bencin, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, masu wasan harbin Free Fire a gefe guda, masu PUBG da wayarsu ta ɗan fi ƙarfi a ɗaya gefen. Da yake a gabana ake yi, ni iyaye ke tarewa da tambaya, haka malaman Islamiyya, haka su kansu yaran idan rigima ta ɓarke a tsakaninsu. Waɗanda suka fi yawan dawowa ne na tattara a nan.

Wasa ne fa. Me ya sa za a tayar da jijiyar wuya a kan kalma?

Bari in ba ka labarin ɗan yayana. Wani dare da damina, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya fita bayan ɗaki inda sabis ya fi kamawa, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, yana wasa da abokansa uku. Can sai aka ji shi da ƙarfi: "Ga shi nan bayan gida! Ku zagaye ta yamma, ni zan harbe shi!" Inna, kakarsa, tana kwance ba ta yi barci ba. Salatin da ta saka shi ya tashi gidan. Kafin ka ce kwabo maƙwabcinmu ya hauro katanga da gora da tocila, mata sun tattara yara sun cusa a ɗaki guda.

Da gari ya waye an sha dariya, amma ban da Inna. Har hantsi gwiwoyinta na rawa. Da ya durƙusa yana ba ta haƙuri yana cewa "Inna, gem ne wallahi," ce masa ta yi: "Kai ka san gem ne. Ni da me zan sani?"

Shi yaron idonsa na kan wani tsibiri na cikin wasan Free Fire da ake kira Bermuda, inda mutum hamsin ke dirowa da lema a fafata na kamar minti goma. Ita kuwa kalmomi kaɗai suka iso mata, cikin duhu, a zamanin da rediyo ba ya kwana bai ambaci 'yan bindiga ba.

Ke nan kalmar "kashe" ce matsalar? A daina faɗinta?

A'a. Wanda ya ce a daina bai san Hausa ba. Muna kashe fitila, mu kashe kuɗi, mu kashe ƙishirwa, mu kashe magana, mace ta kashe aure, budurwa ta kashe ɗauri. Babu gawa ko ɗaya a duk wannan.

Je ka filin dambe bayan kaka ka saurara. Hannun da aka naɗe da zare sunansa mashi, ɗayan garkuwa. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannun ɗan dambe ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa sai fili ya ɗauka: "Ya kashe shi!" Ana cewa an yi kisa, ana cewa wane na Kudu ya kashe wane na Arewa ko na Guramaɗa, alhali wanda aka kashe ɗin ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, wataƙila ma tare za su ci tsire da daddare. Tun kafin a ƙera wayar salula Bahaushe ke aron harshen yaƙi yana wasa da shi.

Sai dai dubi abin da dambe yake da shi. Akwai da'ira, akwai makaɗa, akwai alƙalin wasa, akwai ɗaruruwan idanu da suka ga abin da ya faru. Duk wanda ya ji "kisa" a wurin yana ganin wanda aka kashe da ransa. Ita waya ba ta da da'ira. Maganarka na tsallake katanga, ana ɗaukar hotonta a tura wa wanda bai san mafarinta ba, tana zaune a wayar wani har shekara. Tunda babu da'irar da ido zai gani, dole kalmominka su shata ta.

Su kamfanonin da suka ƙera wasannin, wace kalma suke sawa?

Su ma sun daɗe suna wannan lissafi, ko da yake nasu lissafin na ciniki ne da tsoron hukuma. Fortnite, wanda kamfanin Epic Games na Amurka ya fitar a 2017, ba ya cewa ka kashe wani, cewa yake ka fitar da shi daga wasa. A Chaina an janye PUBG a watan Mayun 2019 aka maye gurbinsa da wani mai suna Game for Peace: kusan komai iri ɗaya, amma babu jini, kuma wanda aka harba durƙusawa yake ya ɗaga hannu ya yi bankwana. Indiya ta haramta PUBG Mobile a Satumbar 2020. Da kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya dawo da shi a Yulin 2021 da sabon suna, sai ya cire kalmar kisa ya sa "finish", wato gamawa, jinin kuma ya daina fitowa ja.

Abin ma ya girmi waɗannan. Lokacin da aka kai Mortal Kombat kan na'urar Super Nintendo a 1993, toka-tokan gumi aka sa a madadin jini. A Jamus kuwa akwai wasannin da sai da aka mayar da sojojin cikinsu mutum-mutumin ƙarfe kafin a sayar.

Ni dai a ganina ɗaga hannun bankwana bayan an ɗirka maka harsashi wasa da hankali ne. Amma ya nuna cewa masu abin da kansu ba su ɗauki kalma a bakin komai ba.

To wace kalma zan yi amfani da ita?

Hausa ba ta rage mu da komai ba. "Na kayar da shi." "Na fitar da biyu." "Mun cinye su." "An sauke ni, zo ka tashe ni." "Saura mutum uku." Duk waɗannan suna isar da saƙo cikin sauri, kuma ko Inna ta jiyo ta taga, kokawa ko ƙwallo za ta zata. Yaran nan ma sun riga sun ari wasu: za ka ji ana "na yi kil biyar", "hedshot ne", "ya yi nok". Ban ƙi su ba. Baƙuntarsu ma wani amfani ne, domin babu mai jin "kil" gabansa ya faɗi.

"Na kashe shi" tsakanin abokai, a kan benci da rana tsaka, kowa na kallon allo, ba ni hana shi. Waɗanda nake hanawa a shagona su ne kalmomin da babu su ma a cikin wasan, mai faɗa ne ya ɗebo su daga waje: yanka, farke ciki, ƙone gida, ɗauke mutum sai an biya fansa. Ba a yanka kowa a Free Fire. Wanda ya ce "sai na yanka ka" ya baro tsibirin, ya shigo harshen faɗan daba da ƙwacen waya. A cikin masu zama bencin nan akwai wanda yayansa ya dawo daga Kano da ɗinki a kafaɗa saboda waya. Akwai almajiran da iyayensu suka baro ƙauyukan Zamfara da Katsina ba don suna so ba.

Haka sunan tawaga. An taɓa samun wasu huɗu da suka laƙa wa kansu sunan wani ƙasurgumin ɗan bindiga, wai don a ji tsoronsu. Na ce ko su canza ko su nemi wani wurin caji. Zakuna, Guguwa, Namijin Duniya, Gagara Badau, duk ga su nan birjik, kirari bai ƙare ba.

Ina iyakar cika baki, ina mafarin barazana?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ba ta da wuya. Cika baki gado ne. Ɗan dambe na kirari, maharbi na kirari, ɗan kokawa na cewa shi ne dutsen da ba a ɗauka. Mai kirari kansa yake wasawa, kuma abin da yake alkawari a cikin fili zai faru.

Abu uku ke mayar da magana barazana: sunan mutum na gaskiya, wuri na gaskiya, da lokaci na gaskiya. "Gobe in mun haɗu a Bermuda ko minti biyu ba za ka yi ba" cika baki ne. "Na san gidanku, na san hanyar da kake bi zuwa gona, mu haɗu ranar kasuwar Gujungu" ba wasa a ciki, ko da ka jera fuskokin dariya goma a ƙarshe. Da zarar an ambaci uwar mutum, ƙanwarsa, shagonsa ko makarantarsa, an fita daga da'ira.

Kada ka ce ai kowa ya san raha kake. A jihar Texas ta Amurka, a 2013, wani matashi ɗan shekara 18 ya yi cacar baki da wani bayan wasan League of Legends, ya rubuta baƙar magana a Facebook cewa zai kai hari makaranta. Gatse yake yi, in ji shi da iyayensa. Wata mata a Kanada ta ga hoton rubutun ta kai ƙara. An sa belinsa dala 500,000, ya yi kusan wata biyar a tsare kafin wani da bai bayyana kansa ba ya biya.

Na birnin Wichita a jihar Kansas ya fi muni. A Disambar 2017 wasu biyu suka yi faɗa a kan cacar dala ɗaya da rabi a wasan Call of Duty. Ɗaya ya yi barazana, ɗayan ya ce in ka isa ga adireshina, ya ba da adireshin gidan da ba ya zaune a ciki. Aka sa wani a Los Angeles ya buga wa 'yan sanda waya da ƙaryar cewa an yi kisa a gidan. 'Yan sanda suka je, wani magidanci ɗan shekara 28 da bai san hawa ba bai san sauka ba ya leƙo ƙofa, aka harbe shi har lahira. Wanda ya buga wayar an ɗaure shi shekara 20.

A nan Najeriya akwai dokar da ta shafi wannan?

Akwai. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, a sashe na 24 ta haramta aika saƙon da zai jefa mutum cikin tsoron kisa ko rauni, ko na barazanar sace shi. Hukuncin da ta tanada ya kai ɗaurin shekara 10, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 25 ba, ko duka biyun. Tun kafin ita ma, tsoratar da mutum da barazana laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa.

Yara na cewa ai WhatsApp a rufe yake, ba mai gani. Gaskiya ne kamfanin ba ya karanta hirarku haka kawai, amma idan wani ya danna maɓallin kai ƙara, saƙonninka biyar na ƙarshe na tafiya wurinsu. Ban da wannan ma, ɗaukar hoton allo daƙiƙa ɗaya ce. Ranar da aka ajiye wayar a gaban dagaci ko a ofishin 'yan sanda, rubutun kaɗai za a karanta, ba muryar da ka faɗe shi da ita ba.

Mu namu ba harbi ba ne, labari muke ginawa tare, kowa da matsayinsa. Mu ma ya shafe mu?

Ku ya fi shafa, domin ku kalma ce kaɗai makaminku. Ga wanda bai san abin ba: wasu matasa ne ke haɗuwa a zaure ɗaya na waya su ƙirƙiri masarauta, wannan Sarki, wancan Madawaki, wata Magajiya, wani ɓarawon shanu, kowa na rubuta abin da nasa mutumin ya faɗa ko ya aikata. Turawa na danganta irin nasu da wasan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974. Mu kuwa muna da kalankuwa, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu bayan girbi, muna da tashe da azumi, inda yaro ke manna gemun auduga ya zama tsoho. Ba baƙon abu ba ne.

Amma mai tashe ana ganin gemun audugarsa. Mai rubutu ba a ganin nasa. Shi ya sa dokata ta farko ga masu wannan wasa ita ce a rubuta faɗa da "shi" da "ita", kada a rubuta da "ni" da "kai". Kwatanta waɗannan biyun:

"Zan sare maka wuya yanzun nan."

"Madawaki ya zare takobi, ya kai wa Barde sara ta hagu."

Na farko in an ɗauki hotonsa aka tura wa mahaifin yaron, magana ta lalace. Na biyu ko wa ya gani ya san labari ne. Kuma lura, cewa aka yi ya kai sara, ba a ce ya sare shi ba. Wannan ce doka ta biyu: kai naka kai hari, shi mai Barde shi zai rubuta ko ya goce, ko ya tare da garkuwa, ko ya ji rauni. Ba ka kashe mutumin wani sai da yardarsa. Yawancin rigimar da aka kawo mini a kan wannan wasa daga nan ta taso: wani ya yi wata biyu yana gina jaruminsa, wani ya shigo da layi ɗaya ya ce ya mutu.

Ta uku, a ware muryar labari da muryar gaskiya. Masu wannan wasa a duniya sun saba sa maganar gaskiya cikin baka biyu, kamar haka: ((zan je sallah, ku jira ni)). In ka ji haushin mutum da gaske, faɗa masa a cikin bakan, kada ka tura Madawakinka ya rama maka.

Akwai kuma dabarar da suke kira layi da labule. Kafin a fara, kowa ya faɗi abin da ba ya so ya shigo labarin kwata-kwata, wannan ne layi. Sai abin da zai iya faruwa amma ba za a zayyana shi ba, wannan ne labule. Wasu kuma na ajiye kati mai alamar X, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa, a wuce wurin ba tare da an tambaye shi dalili ba. A zauren da wasu 'yan garinmu ke yi, wata yarinya ta roƙi kada a sa satar mutane a labarin. Ba wanda ya ce mata don me. Aka mayar da ɓarayin masu satar dawaki, labari ya ci gaba.

Wannan ba zai kashe wa labarin armashi ba?

Tatsuniyoyin da aka raine mu da su cike suke da Dodo mai haɗiye mutane da Kura mai cinye 'ya'yan wasu, amma ka taɓa jin kaka ta tsaya tana lissafa hanji? "Sai ya haɗiye ta," shi ke nan, mu kuma mu ƙanƙame juna. "Ƙura ta lafa, dokin Barde ya dawo gari ba kowa a kansa" ya fi layi goma na jini tayar da tsigar jiki.

Ni uba ne. Yawan faɗin "kashe, harbe" ba zai mayar da ɗana mugu ba?

Alhaji, hankalinka ya kwanta kaɗan. Masana a jami'ar Oxford ta Ingila sun bibiyi matasa kimanin dubu 'yan shekara 14 da 15, suka tambayi iyayensu ma, suka wallafa a 2019 cewa ba su ga alaƙa tsakanin buga wasannin faɗa da halin tashin hankali ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka kuma ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar ɗora wa wasannin laifin tashin hankali, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa da ƙananan abubuwa irin su tsawa da ture-ture.

Abin da ni na gani da idona ya yi daidai da wannan. Ban ga wanda gem ya sa ya ɗauki wuƙa ba. Na dai ga wanda bakinsa ya lalace, ya saba da ashar da "zan ci ubanka" har ya faɗa wa ƙaninsa a gaban mahaifiyarsu. Saboda haka kada ka tsaya ƙirga sau nawa ya ce "kashe". Saurari wa yake faɗa wa, da kuma yadda yake idan an cinye shi. Ka kuma duba shekarun da aka rubuta a jikin wasan a Play Store kafin a sauke. A Amurka irin wannan tsarin na shekaru ya samo asali ne a 1994, bayan majalisar dattawansu ta yi zama a kan wasanni irin su Mortal Kombat. Wasan harbi ba na ɗan shekara takwas ba ne, ko da wayar yayansa ce.

Malam ya ce tsoratar da Musulmi haramun ne ko da wasa. Haka ne?

Malam ya fi ni sani, kuma abin da ya faɗa yana da tushe. Abu Dawud ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma asalin hadisin ma a kan raha ne wasu sahabbai suka yi wa wani da yake barci a tafiya. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da makami mala'iku na tsine masa har sai ya bari, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Hukuncin wasan kansa na bar wa malamai. Amma dare irin wanda Inna ta kwana tana salati, ba sai an tambayi kowa ba.

Abokin wasana ne, Bazazzagi. Shi ma ba zan tsokane shi ba?

Tsokane shi mana. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, taubashi da taubashiya, wannan wasa ya girme mu duka. Sai dai barkwanci na da sharaɗi: ku biyun kun san juna, kuma kun san iyakarsa. A cikin wasan waya tawagarka na iya haɗawa da ɗan Inugu, ɗan Ghana, ɗan Masar. Haɗa kalmar kisa da sunan ƙabila ko addini, irin "mu kashe arnan nan", ba barkwanci ba ne a kunnen kowa, kuma ƙasar nan ta binne mutane da yawa a kan irin wannan jumla.

Me ya sa wasu ke rubuta "k*she" ko su karkatar da kalma?

Gudun na'urar tace rubutu suke. A TikTok masu Turanci sun ƙirƙiri "unalive" don kada a danne bidiyonsu, namu kuma suka koyi sa tauraro a tsakiyar kalma. Na'ura ba ta san dambe ba, tana iya rufe shafin mai cewa "an yi kisa a turmi na biyu" ta ƙyale mai barazanar gaske da ya iya sakaya zance. In don kare shafinka ne, babu laifi. Amma barazana da tauraro a tsakiya barazana ce. Ka kuma sani murya ma an fara tace ta: tun 2023 Call of Duty ke amfani da wata manhaja mai sauraron hirar 'yan wasa a manyan na'urori.

An yi mini barazana a cikin wasa. Me zan yi?

Kada ka rama, domin ramuwar ce za a fara karantawa a kanka. Ɗauki hoton saƙon yadda suna da lokaci za su fito, ka kai ƙara ta maɓallin da ke cikin wasan, ka toshe shi. In baƙo ne daga wata ƙasa da bai san ko a wace jiha kake ba, yawanci a nan ta tsaya.

In kuwa ɗan gari ne, ko ya ambaci gidanku ko hanyarka, kada ka kwana da maganar kai kaɗai. Faɗa wa babanka ko yayanka a daren, da safe a je wurin mai unguwa da wayar a hannu. In ta fi ƙarfinsa shi zai miƙa ta gaba.

Sau ɗaya aka yi haka a nan, bara da rani. Mai unguwa ya sa aka kira yaran biyu da iyayensu, ya ce wanda ya rubuta ya karanta abin da ya rubuta da bakinsa, da ƙarfi, a gaban mahaifinsa. Yaron ya karɓi wayar, ya karanta kalma uku, ya tsaya. Mai unguwa ya ce, "Ci gaba mana, ai ka ce wasa ne." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."